Muryar da Ta Ja Min Kora a Tudun Wada

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekarun baya ina aiki da wasu masu bincike a Zariya, muna auna wani sashe na can ƙololuwar sama wanda ke maido da muryar rediyon gajeren zango ƙasa, muna zana taswirarsa don masu sadarwa su san mitar da za su kama da kuma inda saƙo ya taso. Na'ura uku muka kafa, ɗaya a Hanwa, ɗaya a Tudun Jukun, tawa kuma a saman wani bene a Tudun Wada.

Wata Talata bayan azahar, rana tsaka fa, masu acaɓa na ta hon a ƙasa, sai na ji muryar wani namiji ta shigo na'urata tar, yana karanto lambobi a hankali. Na ɗauka wata tasha ce, sai na lura lambar da ya faɗa ita na'urata ke nunawa, amma shi yake riga ta! Ya faɗa, in ƙirga biyar, ta fito. Innalillahi!

Na kira abokan aikina na Hanwa da Tudun Jukun na ce su nemo min inda muryar ke fitowa. Suka ja layi a taswira, layukan suka haɗu a kan ɗakin da nake zaune.

Kafin la'asar shugabanmu, Dakta, ya iso da mutanensa yana huci. Ko sallama bai yi ba.

"Ina ka ɓoye na'urar watsawar? Aikin wata takwas za ka lalata mana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗaki, bincika."

Suka ɗaga tabarma, suka leƙa silin, har aljihuna aka lalube a gaban mai gidan, ni magidanci mai 'ya'ya huɗu, kamar ɓarawon waya! Ba su ga komai ba, kuma muryar na ci gaba da karatu a kunnen Dakta, amma mutumin nan ya dube ni ya ce in ajiye makulli.

Malam Sani na Hanwa aka mayar gurbina. Kwana huɗu ya yi, sai ga shi a ƙofar gidana, ko zama ya ƙi. Ya ce muryar ta daina lambobi, yanzu sunana take kira, har da sunan da mahaifiyata kaɗai ke kirana da shi, tana tambaya ina na tafi.

Na ce ya faɗa wa Dakta? Ya ce ya faɗa, har Dakta ya ji da kunnensa, sai kawai ya sa aka kwance eriyar. Haƙuri kuwa har yau bai ba ni ba, kuma ban yafe ba.

Ku dai in kuna murɗa rediyo kuka ji muryar da ta san abin da ke gabanku, kada ku tsaya saurare. Ku yi a'uziyya ku kashe. Ni har yau ban san ko ta daina nemana ba.