Gayyar Yaɓe a Zauren Kakana

Zauren gidanmu na unguwar Hausari kakana ne ya gina shi, bayan ya taso daga Borno ya zauna a Potiskum yana fataucin fata. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, rufinsa azara, da zayyana a saman ƙofa wadda ruwan sama ya cinye rabinta. Tun rasuwar mahaifina, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ke zaune a gidan tare da wata ƙanwarta. Ni ina Damaturu ina karanta labarai a rediyo, ina leƙo gida idan hali ya yi.

A shekarar da nake magana, wani abokina da muka yi firamare tare ya fito takarar kansila a mazaɓarmu. Tsara birane ya karanta a jami'a, kuma jawabinsa ya bambanta da na sauran 'yan takara. Yana magana a kan lungunan da shaguna suka cinye har mota ba ta iya shiga ɗaukar mara lafiya, da magudanan ruwa da aka toshe, da tsofaffin soraye da ake rushewa ana kafa bulo. Na yarda da shi a lokacin, har yau ma ban canza ba.

Gab da damina ya kira ni a waya.

"Mutumina, zaurenku nake so," in ji shi. "Duk Hausari babu irinsa da ya rage. Bari in kawo samari mu yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, mutane su gani da idonsu cewa tsohon gini gyara yake so, ba rushewa ba."

Na ce to. Na shaida wa Inna za a zo gyaran zaure ranar Asabar, ta sa mini albarka. Ita a zatonta magini na ɗauko.

A unguwarmu kowane gida shi ke yaɓen kansa. Maigida ko 'ya'yansa su kwaɓa ƙasa, ko su kira magini su sallame shi. Gayyar yaɓe kuwa, wato a tara samari su yi aikin kyauta, gida iri ɗaya ake yi wa: gidan tsohuwar da ba ta da ɗa namiji, ko tana da shi amma ba ya tsinana mata komai. Abokina ya bar garin tun yana ƙarami, bai san wannan ba. Ni na sani, sai dai da yake maganar ta zo mini da sunan adana tarihi, ban gane ta ba.

Ranar Asabar ɗin da hantsi na iso daga Damaturu, na tarar lungunmu ya cika. Samari sanye da riguna masu hoton ɗan takara suna taka ƙasa da ƙafa, wasu suna kan tsani, lasifika tana tashi, wayoyi a sama ana ɗaukar hoto. Abokina yana tsaye kan dakali yana bayanin yadda makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, ke hana ruwa shiga bango. Dattawan unguwa suna zaune a ƙofar shagon wani tela da ke fuskantar gidanmu. Na je na durƙusa na gaishe su.

"A'a, ga mai labarai!" in ji telan. "Ashe kana raye? Mu da muka ga gayya, muka ce ko rasuwa ka yi ba mu ji a rediyo ba."

"Yaya za a yi ka ji?" in ji na kusa da shi. "Ai shi ne mai faɗar."

Suka yi dariya. Ni ma na yi, don babu abin da ya fi ta sauƙi a wurin.

A tsakar gida na sami matan maƙwabta sun kewaye Inna kamar masu zaman gaisuwa. Na ji wata tana cewa, "Allah dai ya saka wa yaron nan, Hajiya, ya rufa miki asiri." Inna ta amsa da amin. Da ta gan ni ta tashi ta shiga ɗaki. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana.

"Kai, zo nan," ta ce. "Korarka aka yi daga aikin?"

"A'a, Inna."

"Ciwo kake yi ka ɓoye mini?"

"Lafiyata ƙalau."

"To me na yi maka da za ka tara mini gari a ƙofar gida?"

Na fara yi mata bayani. Na ce kayan tarihi, na ce abin alfaharin al'umma, na ce al'ummomi masu tasowa.

"Ajiye mini Hausar rediyon nan," ta ce. "Mahaifinka da ciwon bayansa yake hawa bangon nan duk shekara. Ba wanda ya taɓa zuwa yi mini sannu a kansa."

Duk da haka ba ta kori kowa ba. Mai gayya shi ke ciyarwa, don haka ta sa aka yanka kajinta, aka yi tuwo, samari suka ci suka ƙoshi. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har zayyanar saman ƙofa sun fito da ita. Da la'asar abokina ya durƙusa a bakin zaure ya yi mata godiya.

"Allah ya ba ka sa'a, ɗana," ta ce. "Na san da alheri ka zo."

Kafin mako ya zagayo hotunan sun bi wayoyin gari. Wasu daga cikin samarin sun rubuta a ƙasa cewa ɗan takararsu ya tallafa wa wata dattijuwa marar galihu. Abokina ya sa aka goge, amma an riga an gani. Duk daminar nan Inna ba ta je suna ba, ba ta je biki ba.

Aka yi zaɓe, abokina ya ci. Da kaka ta yi, Inna ta aika aka kira ni, ta ce in nemo magini a rushe zauren, a sa bulo da kwano. Na roƙe ta. Abokina ma ya zo da kansa, ya daɗe yana magana, ya ce laifinsa ne, ya ce zai tsaya a masallaci bayan sallah ya bayyana wa jama'a. Ta saurare shi har ya gama.

"Ɗana, kai gini kake gani," ta ce. "Ni ce ke zaune a bayansa. Muddin yana tsaye, duk mai wucewa zai ce ga zauren da aka yi wa Hajiya sadaka."

Ranar rushewa ta ce kada in zauna a cikin gida, in tsaya a waje inda kowa zai san ma'aikatan wane ne. Na tsaya. Bangon ya ba masu diga wahala, sabon yaɓen ya kama sosai, ko tsaga ɗaya damina ba ta yi masa ba. Abokina ya zo ya tsaya can bakin lungu, hannunsa a baya, bai ƙaraso ba. Maƙwabta suna wucewa suna miƙo mini hannu.

"Madalla, ɗa ya yi abin da ya kamata. Allah ya yi albarka."

Ina cewa amin, ina kallon ƙasa, har azarar farko ta faɗo.