Reshen Mangwaron Auna

Duk Kontagora, in ana neman mai auren mangwaro, Malam Mika'ilu za a nuna maka. In kuma ana neman mai mita, to shi ɗin ne dai. Shekara talatin yana yanka reshen mangwaro mai daɗi yana ɗaura wa ɗan tsiron ƙwallo, shekara talatin kuma yana faɗa da masu saye.

"Ƙwallo ba ta gadon uwa!" Haka yake ce musu, har jijiyar wuyansa ta miƙe. "Ka shuka ta, mai zare za ta ba ka. Saiwa tana jan ruwa, ganye yana dafa abinci da rana, amma daɗi na reshen sama ne. Duk tohon da ya fito ƙasan ɗauri, cire shi, ɓarawo ne!"

Su ce to, su tafi su yi akasin haka. Kai, mutumin nan ya ga takaici.

Da damina ta faɗi bara, iska ta kayar da bishiyar mahaifinsa a Auna, wadda 'ya'yanta ba zare ko ɗaya, kuma ba a san irinta ko'ina ba. Ya hau babur ya je, ya tarar masu gawayi har sun fara sara. Rassa bakwai ya tsira da su, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya fere su, ya haɗa ɓawo da ɓawo yadda danshin ciki zai sadu, ya naɗe da leda. Shida suka bushe. Ɗaya ya kama, siriri, da ganye huɗu jajaye.

Wannan bai yarda ya bar shi a lambu ba. Tsakar gida ya dasa shi, kusa da rijiya. Sai aiki ya kira shi wata gona a Nasko, sati shida. Da zai fita ya ce wa matarsa Iyatu, "Ki riƙa ba shi ruwa, ki kore awaki." Iyakarta ke nan.

Iyatu kuwa ba ta wasa da amana. Ruwa safe da yamma, ga taki, ga shingen ƙaya. Saiwa ta ji daɗi ta turo toho daga ƙasa, kakkaura, kore shar, ya zarce na saman.

Ran da ya dawo, tun bai sauke jaka ba ta ja shi bakin rijiya tana murmushi.

"Malam, dubi yadda ya yi ƙiba! Wani ƙanjamammen reshe ne ke tauye shi, mai leda a wuya. Na datse shi tun wancan sati."

Innalillahi! Ya durƙusa ya shafa dungun. Ya bushe ƙayau.

"Ina kika jefa shi?"

"Akuya ta cinye."

Ya miƙe tsaye. "Haba Iyatu! Shi ne na Baba! Wannan da kika bari banza ne, mai zare! Duk garin nan wa ban gaya wa ba? Har masu tallan goro sun haddace!"

Murmushin ya ɓace. Ta daɗe tana kallon tsiron, hawaye ya cika mata ido, don ita ma ta sha mangwaron nan tun tana amarya.

"Malam," ta ce a hankali, "ni ka taɓa gaya mini?"

Ya buɗe baki zai amsa. Ya laluba shekara talatin kaf, bai samu rana ɗaya ba.