Masu Gadin da Suka Koma Wa Ƙari

Tun da ƙari ya fito wa uwar 'ya'yana a hanta, addu'ata ɗaya ce. Bayan sallar asuba nakan yi mata rubutu a allo, in wanke ta sha, in ce Allah ya ƙarfafa masu gadin jikinta. Na ji an ce jiki yana da dakarunsa a cikin jini, sai na riƙe su a bakina.

Wannan kafin yaƙi ya watsa mu ne. Muna zaune a unguwar Kalakla, muna haye gada zuwa wani asibiti a Umdurman. Ran nan likita, wata 'yar ƙanƙanuwar mata, ta zaunar da mu. Larabcin matata na kasuwa ne, don haka ni ke fassara.

"Ya Haj," in ji ta, "ƙarin nan ya saye wasu daga cikin masu gadin. Sun kewaye shi, suna ciyar da shi, suna kore 'yan'uwansu. Akwai sabon magani da ake sawa ta jijiya, yana gane su, ya kama su. Amma yakan taɓa na kirki ma, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba."

Wata da watanni ina roƙa wa waɗannan ƙarfi. Wa na yi ta yi wa addu'a?

"Malam, me ta ce? Ka yi tsuru kamar an kama ka da akuyar maƙwabta," in ji matata.

Na faɗa mata duka, har da abin da ya tsorata ni. Ta daɗe tana kallon bayan hannunta, inda allura ta bar tabo.

"Wato nawa ne za a kashe a cikina."

"Munafukan cikinsu, Hajiya."

"In ya yi kuskure fa?"

Na juya wurin likita. Da na mayar mata da tambayar, cewa ta yi za su sa ido.

A motar komawa, muna kan gada, Hajiya ta ce, "Kai da karatunka, kana zaton Allah bai san nasa ba? Zan karɓa. Amma ka gyara roƙon, ka daina yi musu kuɗin goro."

Ranar da aka rataya ruwan maganin, ina zaune gefenta, carbina ya jiƙe da gumi. Ɗigon farko ya gangara cikin robar. Na ce, Ya Rabbi, ka san su ɗaya bayan ɗaya, ka bar mata masu amana. Ta kama bakin rigata, ba ta saki ba.