Takardun Dattijon Roni

Shekarar da aka kawo mana kwamfuta ɗakin karatu a Kazaure, ni aka tura kwas na mako biyu, na dawo kaina a kumbure. Abokan aikina da suka girme ni suna tsoron taɓa ta, ni kuwa ina danne-danne kamar da ita aka haife ni. Har da na'urar ɗaukar hoton takardu aka haɗo mana.

Wata Laraba wani dattijo ya zo daga Roni a kan acaɓa, rungume da gafaka. Takardun kakansa ne, wanda ya yi wa hakimi aikin rubutu: wasiƙu da ajami, addu'o'i, sunayen zuriyarsu. In ka ɗaga ɗaya sai gefenta ya marmashe a kan tebur. Ya ji an ce muna adana irinsu.

Kwana huɗu na yi ina ɗaukar hotonsu. Da na gama na nuna masa, na ƙara wa rubutun girma har ya karanta ba tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"'Yar nan, gara ba ta cin wannan?"

"Baba, ko gara ko ruwa. Ya zauna ke nan har abada."

Ni na faɗi haka da bakina. A kwas an ce mana duk abin da muka ɗauka mu kwafa a wuri na biyu. Na ji, har na rubuta a littafi. Kullum sai in ce gobe.

Da damina ta kankama, wata rana wuta ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙauri ta mutu. Mai gyara a Kano ya ce ma'ajiyarta ta ƙone, ba abin da zai fito. Na lallashi kaina cewa ai takardun suna wurin mai su, sai in sake ɗauka.

Na same shi a zaurensa a Roni. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce ya ara mini gafakar.

Ya ce, "Ai na binne su."

Takarda mai sunan Allah in ta tsufa ba a barinta tana zuba ana takawa. Ya daɗe yana son ya suturta su, tsoron rasa rubutun ne ya hana shi. Da na ba shi tabbaci, ya naɗe su a farin ƙyalle ya haƙa rami a bayan masallaci. Wata uku ke nan ruwa yana sauka a kai.

"Lafiya dai ko? Ƙanena zai zo daga Nijar bayan sallah, na yi masa alkawarin zan kawo shi wurinki ya ga hannun kakanmu."

Na ce lafiya lau, Baba. Ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba. Ya sa aka ƙullo mini gyaɗa, ya yi ta sa mini albarka har bakin hanya.

Bayan sallah na hango su ta taga, su biyu cikin fararen kaya, suna cire takalma a bakin ƙofa.