Direban da Ba Ya Waiwaye

Bogumil Sroka bai taɓa tuƙa motar fetur ba. Yana saurayi ya shiga masana'antar garinmu, a sashen da ake haɗa ƙananan motocin batir, waɗanda ake lodawa a jirgin ruwa a kai wa Amurkawa su riƙa yawo da su a filin golf. Mu a lokacin layin sayen nama muke bi. Aikinsa ɗaura batir da gwada birki. Da mulkin kwaminis ya faɗi aka rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Hukumar gari ta sayi ɗaya daga cikin motocin, ta yi mata baƙin fenti, ta ƙara mata tsawo yadda akwatin gawa zai zauna, ta kai ta babbar makabarta. Aka nemi wanda ya san cikinta, aka ɗauki Bogumil. A nan na san shi, ina sayar da kyandir da furanni a bakin ƙofa.

Daga ɗan cocin da ke ƙofa zuwa sababbin kaburbura akwai tafiya, hanyar kuma tsakuwa ce. Fada, limamin coci, yana gaba, mota na biye, dangi a bayan akwati. A makabartarmu direba ba ya waiwaye. Rashin kunya ne ka juya ka kalli fuskar mai kuka.

Saboda haka da kunne Bogumil yake tuƙi. Motar ba ta da ƙara, yana jin takun kowa a kan tsakuwa. Sai ya tsinci wanda ya fi nauyin ƙafa, ko tsoho mai sanda ko mai juna biyu, ya daidaita motar da takunsa. In takun ya tsaya, shi ma ya tsaya. Haka ya yi har gashinsa ya yi fari.

Da manyan motocin lantarki suka fara shigowa gari, Zenek mai haƙa kabari ya samu abin tsokana, har da kiransa Pan, yadda muke girmama namiji, mace kuwa Pani.

"Pan Bogumil, ka ga sabuwar motar likita? Ita ma batir ce, amma kafin kunkurun nan naka ya juya ta kai birnin Krakow."

"Ya yi ta gudu," in ji Bogumil. "Nan zai zo, ni zan ƙarasa da shi."

Ni na fara gane kunnensa ya soma mutuwa. Na gaishe shi ta baya bai amsa ba, kuma shi ba mai girman kai ba ne. Na tare shi na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce, "Pani, ki bar shi tsakaninmu. In aka karɓe motar nan ban san me zan zama ba." Ya sayi na'urar ji a ɓoye, amma iskar makabarta tana shiga cikinta ta yi ta fito, takun mutane duk ya zama ƙara ɗaya. Sai ya koma tuƙi da kintace.

Ranar da abin ya faru wani direban babbar mota ake binnewa, ɗan Pani Leokadia ɗaya tilo. Tsohuwa ce mai sanda. A tsakiyar hanya gwiwoyinta suka ƙi, ta durƙushe a tsakuwa. Kowa ya tsaya a kanta. Wani ya kira direba, bai ji ba. Fada yana gaba yana ta addu'a. Haka su biyu suka tafi da akwatin har bakin rami.

Zenek ya ɗago daga kan shebur ya ce, "Ina mutanen?"

Bogumil ya juya. Hanya wayam, sai can nesa baƙaƙen riguna a dunƙule.

Da aka kawo Pani Leokadia a riƙe, ba ta yi ihu ba. Ta tsaya a gabansa ta yi magana a hankali, yadda ko bai ji ba zai karanta a bakinta: "An riga an ɗauke min shi sau ɗaya. Me ya sa ka ƙara?"

Shugaban makabarta, Pan Kuras, bai so korarsa ba. Ya ce a ɗaura wa motar madubi, magana ta ƙare.

"In riƙa leƙen fuskokinsu?" in ji Bogumil.

Pan Kuras ya ce, "Wa ya damu da wannan yanzu? Wasu har hoto suke ɗauka a bakin kabari."

Genowefa, matar Bogumil, ta kawo masa miyar kabeji da rana, ta same shi a zaune a bayan shagona. Duk makabarta ta ji ta.

"Ka sa madubin, tsohon mai taurin kai! Zaman gida zai kashe ka. In bai kashe ka ba ni zan kashe ka."

Ya sa. Bai jima da shi ba. Ya ce min madubi ba ya nuna ƙafafu, fuskoki yake nunawa, kuma da zarar ya haɗa ido da wani sai ƙafarsa ta rikice a kan totur. Ya kai wa Pan Kuras makulli da kansa, ya nuna wa sabon direban yadda ake ƙara wa batir ruwa, ya tafi. Zenek bai tsokane shi ba ranar.

Tun daga nan bai sake shigowa ba, ko ranar tunawa da matattu. Genowefa ce ke zuwa sayen kyandir na kabarin iyayensa. Kwanan baya na tambaye ta lafiyarsa.

"Yana nan a taga yana kallon titi," ta ce. "Jiya ya ce min ashe duk motocin garin nan sun koma na lantarki, ba mai ƙara ko ɗaya. Ban san ko wasa yake ba. Ban tambaye shi ba."