Dakta Sabitu da Matar da Aka Kira Nas

Na rantse da Allah ba za ku yarda ba, amma ku karanta.

Wata rana a wajen walimar aure, wani gwani mai suna Sabitu ya iso da tabarau na ado da jakar hannu wadda babu komai a cikinta. Daga aji biyar na sakandare ya ajiye biro, amma a baki babu mai kada shi.

Don neman tsokana ya ce wa baƙin da suka zo daga nesa shi likitan ƙwaƙwalwa ne. "Kai goma na buɗe a makon nan."

Nan take ya zama Dakta. Har cinyar kaza aka ƙara masa.

Wata mata tana gefe da mayafi ruwan toka, tana cin shinkafarta. 

Ana cikin haka sai Gwaggo Talatu, yayar uban ango, ta dafe ƙeya ta ƙwalla ƙara: "Wayyo kaina! Kamar an doka min guduma!" Sai amai. Wuya ya sandare.

Aka yi caa: "Ina Dakta?"

Sabitu ya gyara tabarau. "Zafin rana ne. A ba ta maganin ciwon kai ta kwanta."

Matar nan mai mayafi ruwan toka ta miƙe. "Kada a ba ta komai. Da alama jijiyar jini ce ta kumbura ta fashe a kanta. A kawo mota yanzu."

Uban ango ya daka mata tsawa: "Ke nas ce? To ki bari likita ya gama magana!"

Ku ji fa! Nas!

Ta juyo ta dubi Sabitu. "Dakta, in ta kwanta ba lallai ta tashi ba. Ka ɗauki ranta a wuyanka?"

"Hajiya, wallahi ko jarrabawar fita ban zauna ba."

Ashe Dakta Ummulkhairi ce. Shekara shida a makarantar likitanci, bakwai tana koyon tiyatar ƙwaƙwalwa, biyu a kan irin wannan jijiya kaɗai. Da aka kai Gwaggo asibiti, ita ta yi awa biyar a tsaye ta maƙale jijiyar da ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Gwaggo ta tashi.

Abin da ke ƙona min rai: shekara goma sha biyar ɗinta ba su sa an saurare ta ba, shi kuwa tabarau kawai ya sa.

Dangi suka yanke hukunci: tunda Sabitu likita ne, shi zai yi jinya. Mako uku Gwaggo na kira daga kan gado: "Dakta! Zo ka zubar da fo."

Kada ku tambaye ni yadda na san nauyin fo ɗin nan.

Darasi: Kafin ka ce wa mace ta yi shiru, tambayi abin da ta karanta.

Ku tura wa duk wani Dakta na unguwarku, da masu ƙara masa kaza.