Rahoton Auduga a Gaban Kaka

Jiya jikata tana bitar rahoton kwas ɗinta na kasuwanci a tsakar gida, sai na ji kamar ina Hunkuyi, farkon samun mulkin kai.

Lokacin ina irin wannan kwas a Zariya, na rubuta rahoto kan cinikin auduga. In ban gabatar da shi gaban malamai ba, babu takardar shaida, ga ni da in'ina. Na gudo gida, na zauna ina karanta wa kakata, tana kaɗi a inuwar tsamiya. Ɓurɓushin auduga na yawo cikin hasken la'asar kamar ba zai taɓa sauka ba.

Ɗabi'arta ce ta lumshe ido in tana sauraro. Da mazarinta ya tsaya, na ɗauka barci ya ɗauke ta, na yi shiru.

"Maigidana, ci gaba mana," ta ce. "Ba na jin Turanci, amma ina jin inda muryarka ke rawa. Koma can, ka sake a hankali."

Ranar gabatarwa harshena ya sarƙe, na numfasa, na sake, na wuce.

Sakamako bai same ta da rai ba. Na ci, Kaka. Allah ya sanyaya makwancinki.